Yadda Za Ka Ci Tallafin Samari da Mataccen Inji

Ɗan'uwa, matso kusa. Ka ji a rediyo gwamnati na neman masu sana'a su ɗauki samarin da ke zaman kashe wando, ita ta riƙa biya, kai kuwa ba ka da sana'a, ba ka kuma da niyyar yin ta? To ka zo inda ya dace. Hanyar da zan koya maka gwadajjiya ce. Maƙwabcina Malam Tukur na Bakura ya bi ta a kan idona, a shekarun da aka gama dam ɗin Bakolori, 'yan kwangila suka naɗe kayansu, aka sallami leburori suka cika gindin itatuwa. Ka bi sawunsa daki-daki, na yi maka alkawari sai sunanka ya kai Sakkwato.

Mataki na ɗaya: Nemo abin da ya yi kama da sana'a

Ba sana'ar ake nema ba, kamanninta ake nema. Leƙa bayan gidanka, ba za ka rasa wani ƙarfe ba.

Malam Tukur injin casar shinkafa gare shi. Ya saye shi lokacin da aka biya shi diyyar gonarsa da aikin dam ya ci. Injin ya yi kaka ɗaya yana aiki, ya yi tari, ya yi shiru. Tun daga ranar Malam Tukur ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya ce yana nazarin abin da ya samu injin. Kaji suka koma yin ƙwai a cikinsa. Matarsa Baturiya ke riƙe da gidan da sayar da fura, shi kuma yana riƙe da nazari.

Da ya ji sanarwar, sai ya kori kajin, ya sa aka rubuta allo da jan fenti: TUKUR DA 'YA'YANSA, MASU CASAR SHINKAFA TA ZAMANI. Babban ɗan nasa a lokacin bai daɗe da yaye ba. Kada wannan ya dame ka. Masana sun tabbatar allo ba ya faɗin shekaru.

Mataki na biyu: Zaɓi ma'aikata da hankali

Nan ne mutane ke kuskure. Kada ka kuskura ka ɗauki mai ƙwazo. Mai ƙwazo zai zo da sassafe ya tsaya maka a ka yana tambayar me za a yi. Je wurin masu dara, ka duba wanda ƙasa ta ci gindin wandonsa.

Can Malam Tukur ya samo mutum huɗu. Biyu daga cikinsu su ne abin labari: Balarabe, wanda bakinsa ba ya hutawa, da Jatau, dogo mai shiru, ɗan wani ƙauye a hanyar Maradun, wanda ya yi dakon siminti a dam har aka gama, aka ce kowa ya kama gabansa. Tun daga nan ya kasa komawa gida, don kunyar mahaifiyarsa.

"Kawu, mi za mu yi a kamfanin?" in ji Balarabe.

"Ba komi," in ji Malam Tukur. "Ku zamna inda kuke. Ran da jami'i zai zo in aiko, ku taho ku tsaya kusa ga inji kuna share zuhwa. In kuɗɗi sun sauka, kowa shi ji ɗumi."

"Zuhwar fa, ina za mu samo ta?"

"Akwai randa."

Suka tafa. Jatau kaɗai ya tambaya ko za a ba su wata riga ta aiki. Aka yi masa dariya.

Mataki na uku: Tarbi jami'i, amma kada ka ba shi fura mai daɗi

Gwamnati za ta aiko mutum ya duba. Ka gaishe shi har ya gaji: gajiya, iyali, hanya, sanyi, Sakkwato da mutanenta. Duk lokacin da ya tafi a gaisuwa, an rage na tambaya.

Wanda aka aiko wa Malam Tukur sunansa Malam Jibirin, siriri, mai fara'a, a kan babur. Ya dubi allo, ya dubi samari huɗu da ruwan randa ke ɗiga daga goshinsu, ya yaba. Sannan ya ce, kamar mai ba da labarin daɗi, makon jiya sun kama wani a Maradun da ya ce yana da masaƙa, aka je aka tarar da akuya ɗaure a wurin. Yanzu yana gidan yari, ana koya masa saƙar tabarma.

Malam Tukur ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"A tayar da injin mu ji," in ji Malam Jibirin.

"Ranka shi daɗe, gas ya ƙare yau da sahe. Aiki ya yi muna yawa."

A nan ne Baturiya ta aiko da fura. Ita ba ta san ana dama fura a yi mata algus ba, ko don ceton miji. Ta zuba nonon da Fulani suka kawo da safe, ga kayan yaji daidai. Malam Jibirin ya kai ludayi ɗaya, ya lumshe ido. Ya ce ai a Mafara aka ajiye shi, nan da can ba nisa, gobe zai biyo ya ji injin. Ya zo goben. Ya zo jibi. Daga nan ya zama ɗan gida, har yara na rige-rigen riƙe masa hula in zai yi alwala.

Ka rubuta wannan a zuciyarka: jami'in gwamnati ruwa ake ba shi, shi ma mai ɗumi.

Mataki na huɗu: Samar da ƙara

Inji mai aiki ƙara yake yi. In ba ka da aikin, ka nemi ƙarar.

Balarabe ne ya kawo dabarar. Aka aro tsohon babur ɗin yayansa, aka cire salansa, aka shigar da shi ɗakin inji, aka ja ƙofa. Da an hango ƙurar Malam Jibirin daga nesa, sai a buga shi. Ƙarar har kasuwa. Hayaƙi na fita ta taga, Balarabe na ciki yana murɗa totur yana hawaye.

Malam Jibirin ya nufi ƙofar, Malam Tukur ya tare shi da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, kak ka shiga! Bel ɗin nan mugu ne. In ya kama babbar riga, sai dai a kai wa iyali hula."

Malam Jibirin ya ja da baya, ya zauna a tabarma, ya jawo kwanon fura. Malam Tukur ya zauna gefensa yana jin kansa cikin manyan masu hikima na ƙasa. Kashin farko na tallafin ya sauka a makon. Ya sayi sabon takalmi.

Mataki na biyar: Ka yi hattara da masu kawo aiki

Aibin ƙara shi ne ba jami'i kaɗai ke da kunne ba.

Wata safiya, Malam Jibirin na zaune, sai ga wata tsohuwa tafe da jaki, an ɗora masa buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Inna Batulu ce, mahaifiyar Jatau. Labari ya kai ƙauyensu cewa ɗanta ya samu aiki a kamfani. Ta wuce injin garinsu, ta wuce na gaba, ta ce ba mai taɓa mata shinkafa sai kamfanin ɗanta. Ta durƙusa ta gaida Malam Tukur, ta yi ta sa masa albarka.

"Malam, Allah shi saka ma. Yaron ga tun da anka sallame su ban ƙara ganin idonai ba. Yau ga shi cikin mutane. Ni dai ko yau na mutu, na huta."

Jatau na tsaye, ya sunkuyar da kai. Malam Tukur ya buɗe baki zai ce gas ya ƙare, sai ya tuna babur na ta ruri a bayansa. Ya dubi Malam Jibirin. Malam Jibirin ya ɗaga ludayi ya ce, "Madalla. Ga aiki ya zo."

Jatau ya matsa wurin jakin. Ya sunkuci buhun, ya shiga ɗakin inji da shi, ya fita ta ƙofar baya, ya faɗa cikin gida.

"Inna Baturiya, ara mini turmi."

Baturiya ta dube shi sama da ƙasa. Ta fito da turame biyu da taɓare, ta ja kujera ta zauna, don ta ce wannan kallo ba ta bari ya wuce ta. Ƙarti uku suka tuɓe riguna suka kama daka. Ba su iya ba. Shinkafa na tsalle, kaji na murna, Baturiya na ba da umarni: "Ɗaga hannu! Kai, turmin ba abokin gabanka ba ne!" Ita ta yi musu sheƙa, don tausayin tsohuwar. Kafin la'asar Jatau ya fito da buhun ta ƙofar inji, tafin hannunsa duk ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa.

Inna Batulu ta ɗebo shinkafar ta duba. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin inji mai tausayin ƙwaya irin wannan ba, kamar da hannu aka yi. Ta koma tana faɗa a kowane ƙauye da ta ratsa.

Washegari jakuna suka yi layi.

Mataki na shida: Kada ka bar ma'aikata su yi shawara

Mutumin da ya yini yana daka tunani yake yi, tunaninsa kuma ba alherinka ba ne.

Mako bai cika ba samarin suka rame. Balarabe ya koma tari baƙi, ba ya jin magana sai an yi masa ihu. Man babur ya cinye abin da ake samu. Malam Tukur kansa an kai ga ba shi taɓarya, don Baturiya ta ce turmi ɗaya ba zai zauna banza ba alhali mai kamfani na da hannu biyu. Yana daka yana leƙen katanga kada maƙwabta su gani. Ni na gani.

Ran nan Jatau ya ajiye taɓarya, ya zo ya tsaya gabansa.

"Kawu, ƙaryar ga ta fi ƙarhinmu. Ko a dam ban sha wahala haka ba. A gyara injin ga mu huta."

"Da wane kuɗɗi?"

"Da na gwamnati. Ai don shi anka ba ka."

"Kai yaro, ka san abin da kake hwaɗi?"

"Na sani. Ko a gyara, ko in hita yanzu in kira Malam Jibirin shi zo shi kama muna daka. Ni dai ba ni komawa in ce ma tsohuwata ƙarya ce."

Sauran suka tsaya bayansa da taɓare a hannu. Ka sani, ɗan'uwa, ba a gardama da mutum huɗu masu taɓare.

Ranar Talata suka ɗora kan injin a akori-kura zuwa Mafara. Bakanike ya buɗe, ya zaro ɓawon ƙwai da wata tsohuwar sheƙar ɓera, ya faɗi abin da za a saya. Malam Tukur ya zaro tallafin daga aljihu kamar ana zare masa jijiya. Jatau ya tsuguna gefen bakanike yini guda, yana miƙa masa sifana yana tambaya, har mutumin ya ce in ya sake lalacewa kada a ɗauko, yaron ga ya gwada tukuna.

Mataki na bakwai: Karɓi sakamakonka

Da aka ɗaura injin aka ja, ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama. Farar shinkafa ta fara zubowa, buntu na tashi. Balarabe ya rungume Jatau suna tsalle. Baturiya ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, ta aiko a karɓo mata turamenta.

Malam Jibirin ya iso, ya kashe babur ɗinsa, ya saurara. A karon farko ya wuce tabarma, ya shiga ɗakin, ba wanda ya tare shi. Ya daɗe yana kallon bel na juyawa.

"Yau kam inji ne," in ji shi.

Malam Tukur ya matso kusa da shi. "Da fa, ranka shi daɗe?"

"Malam Tukur, kullum a kan babur nike. In ban san kukan babur ba, mi na sani? Ga lugude na tashi bayan katanga, wani ma ba ya bin kiɗa."

"Wannan Kawu ne," in ji Balarabe.

"To don mi ba ka kama ni ba?" in ji Malam Tukur.

"An aiko ni in ga samari na aiki. Na zo na tarar suna aikin da ya hi wanda anka ce. In na kai ka gidan yari, su koma dara. Na ce bari in ga wa za ya fara gajiya." Ya gyara hula. "Kuma hurar gidanka ba ta da laihi."

Rahoton da ya kai Sakkwato ya yi kyau ƙwarai. Ya yi kyau har aka ƙaro wa Malam Tukur wasu samarin, aka ce wurinsa abin koyi ne, ana kawo baƙi su gani. Yanzu tun da hantsi zai fito, fari fat da buntu har gira, yana awo, yana rabon faɗan masu layi, yana aika a sayo gas. Jatau ke kula da inji, ya ɗinka wa kansa shuɗiyar rigar aiki, ya yi aure a ƙauyensu. In Malam Tukur ya ratsa kasuwa, dattawa na miƙewa suna cewa ga uban samari. Yakan amsa da fara'a, ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Maƙwabci, bayana zai karye. Wa ake gani a cire sunan mutum daga tallafin ga?"

Gargaɗi

Ni dai hanya na nuna, ban ce ka bi ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da sana'a ta gaske, da ciwon baya, da samari masu kiransa Baba, da mutuncin da ba ya iya ajiyewa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Kada ya zo ƙofar gidana da ƙorafi. In ma ya zo ba zan ji sallamarsa ba, injin maƙwabcina ya kashe mini kunne.