Neman Gurbi ga Saloma a Cikin Kumbo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsara Binciken Lafiya a Cikin Kumbo, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara ɗaukaka ka har mu daina hango ka.

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama, ni Dawuda, tsohon soja a Zuru, na ji a rediyo kuna shirin tura likitoci da ɓeraye sararin samaniya, ku gano yadda ƙashi ke lalacewa idan ƙafa ta daɗe ba ta taka ƙasa ba. Madalla! Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. An ce kafin tashi za ku kwantar da lafiyayyu a gado wata da watanni, ana auna su. Yallaɓai, don me za ku wahalar da lafiyayyu? Abin nema ya samu. Matata Saloma na kwance tun farkon damina, da babur ya kayar da ita a hanyar Danko, ƙugunta ya karye. Ta riga ta yi muku rabin aikin, mai aunawa ne bai zo ba.

Na biyu. Injin hoton ƙashi na asibitinmu yana lulluɓe da zane, yana jiran injiniya tun kafin bikin Uhola. Ko shi ma injiniyan yana sama ne? Mai ɗori ya gwada ɗora ƙugun nata, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Shi dai ya faɗi gaskiya.

Na uku, kuma nan raina ya ɓaci. An ce kowane ɓera likita zai duba shi safe da yamma, ga abinci a kan lokaci. Mu da muke bin su da sanda a rumbu, ashe manyan gobe muke duka!

Ranka ya daɗe, matar nan ba kyauta na same ta ba. Golmo na yi, shekaru ina noma gonar mahaifinta, bayana ya sha rana kafin a ba ni ita. Yau ni ke juya ta a gado, tana cije leɓe don kada in ji. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji a fagen daga ba.

Saboda haka nake roƙon gurbi guda. Ta rame, ba za ta sha muku mai ba. Idan kujerun mutane sun cika, a rubuta ta cikin ɓerayen. Na tambaye ta, ta ce ba komai, in dai likita zai duba ta.

Naka mai biyayya, a ƙame ina sara maka har kumbo ya ɓace,

Saje Dawuda Philip (mai ritaya),
Zuru.