Yadda Za Ka Nemi Aure da Littafin Kakan Budurwarka

Kai mai neman aure, matso kusa. In ƙaddara ta kai ka gidan da har yau ake aiki da dokokin shekara ɗari baya, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawari ko ka samu mata, ko ka samu ladabi. A kan maƙwabcina mai gyaran waya na gwada su, wanda ake ce wa Injiniya, kuma ga shi nan da ransa.

Mataki na 1: Ka san wanda za ka shawo kansa

Ba yarinyar ba ce, gwaggonta ce. Wata nas ce ta kawo wa Injiniya gyaran waya, tun daga ranar ya rasa sukuni. Ta ce ya je gida. Can ya iske Gwaggon da ta raine ta, rungume da wani tsohon littafin ladubban neman aure da mahaifinta ya bari, bangon duk ya ci. Ta ce da shi aka aurar da ita, da shi za ta aurar da 'yarta. In ka ji haka, ce "to" kawai.

Mataki na 2: Rabu da wayarka

Akwai kwano a bakin ƙofar falo, nan kowa yake jefa tasa. Ba kira, ba saƙo, sai wasiƙa, ita ma ta hannun Gwaggo. Mutumin da wayoyi talatin ke kuka a shagonsa, sai ga shi yana yawon neman ambulan.

Mataki na 3: Yi hira, amma kada ka ce komai

Ziyara ranar Lahadi ce, minti ashirin, agogon bango ne alƙali. Kujeru uku: taka, ta Gwaggo a tsakiya, sannan tata. An yarda ka taɓo yanayin gari da lafiyar iyaye. Maganar so kuwa sai ziyara ta bakwai. Masana, wato ni, sun tabbatar wannan yana ƙara wa namiji kwarjini.

"Yau kam ana zafi," in ji Injiniya.

"Ana yi," in ji Nas.

"Jiya ma an yi."

"Kai ɗan nan, kada ka zaƙe," in ji Gwaggo.

Mataki na 4: In abu ya ɓaci, yi murmushi

A ziyara ta huɗu Nas ta dubi Gwaggo, don doka ta hana ta gaya masa, ta ce an ba ta ƙarin girma a wani gari mai nisa, kuma Litinin ta sama ake jiran amsarta. Ta faɗe shi da ƙarfi yadda ko kurma zai ji. Injiniya ya yi lissafi. Lahadi ɗaya ta rage masa, ta bakwai kuwa sai bayan sati uku. Bai san ko tana sonsa ba, ita ma ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Wallahi ya ba ni tausayi.

Mataki na 5: Yi dabara

Injiniya ya lura Gwaggo layi biyun farko kawai take dubawa a wasiƙa, in ta ga zancen zafi sai ta miƙa wa Nas. Saboda haka ya zuba zafin rana a sama, ya ɓoye zuciyarsa a ƙasa. Dabara ce mai kyau, ni na ba shi.

Ashe ranar Asabar Gwaggo ta zauna a kan tabaraunta ya karye. Ranar Lahadi ya kawo wasiƙar, ga Nas zaune.

"Littafi ya ce wasiƙa ba ta isa hannun yarinya sai babba ya san abin da ke ciki," in ji ta. "Miƙe ka karanta mini da bakinka."

Mataki na 6: Karanta, tunda kai ka rubuta

Ya miƙe ya buɗe takarda. Ya wuce zafi lafiya. Daga nan ya iso kan abin da ya ɓoye.

"Ranar da kika kawo wayarki, minti goma na yi na gyara ta. Da na ce ki dawo jibi, ƙarya na yi, so nake in sake ganinki. Ba zan tare miki ci gaba ba. Amma ki sani ina sonki, kuma waya tana lalacewa a kowane gari."

Can Gwaggo ta yi gyaran murya ta ce amsa sai bayan kwana bakwai, kuma a rubuce.

Nas ta tashi ta ɗauko wayarta daga kwano. "Gwaggo, littafin ya hana ni magana da shugabata?"

Gwaggo ta juya shafi biyu, ba ta ganin ko harafi. "Bai ce ba."

Nas ta kira. "Ranki ya daɗe, na karɓi aikin. Sai dai batun gidan ma'aikata, don Allah a sa ni a layin masu iyali."

Gwaggo ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗaga kai wajen agogo. "Minti ashirin ya cika. Tashi ka tafi, surukina."

Gargaɗi

Marubucin nan bai taɓa aure ba, kuma ba ya ɗaukar alhakin kowa. In ka bi matakan nan aka kore ka da tsintsiya, kai ka jiyo. In kuma aka ba ka mata, ka kwashe shagonka ka bar mu da wayoyi a mace kamar yadda Injiniya ya yi mana, kada ka ce ni na aike ka.