Ranar da Na Wanke Ƙwaryar Iya

Ba zan taɓa mantawa da makon bikin ƙanwata Rukayya ba, kuma ko na so in manta dangi ba za su bari ba, don abin yana nan a wayar kowa, da muryata da fuskata da sabon leshina.

Bari in fara da alkaki. A gidanmu na Daura, in za a kai garar amarya, nakiya da dubulan 'yan rakiya ne kawai, alkakin Iya ake jira. Iya kakata ce, mahaifiyar Babanmu, kuma sunanta aka sa min, shi ya sa take kirana Takwara. Alkakinta in ka gatsa sai ya yi ƙaras a waje, ciki kuma laushi, ga wani ɗan tsami-tsami da ke biyo bayan zaƙin zuma har ka rasa inda za ka sa ranka. Da aka kai tawa garar Katsina, surukata sai da ta ɓoye kwano guda a ƙarƙashin gado (ita ta faɗa min da bakinta, ba sharri nake mata ba).

Ni kuwa duk zaman da na yi a gidan nan, aikina a harkar alkaki ɗaya ne tak, ci. Ranar kwaɓi ba a ganina. Ranar suya kuwa ni ce ta farko a bakin murhu da faranti.

To ana saura kwanaki biki sai hira ta tashi a guruf ɗin danginmu na waya. Wannan ta ce Iya fa girma ya zo, waccan ta ce wallahi har yau ba wanda ya iya alkakin nan kamarta, in ta kwanta dama shi ke nan. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Ban san lokacin da na rubuta ba: "Ku bar min wannan aikin. Zan ɗauki komai a bidiyo tun daga ɓarzar alkama har tsomawa a zuma, jikokin jikokinmu ma su gani." Aka yi ta sa min albarka. Kaina ya fasu. Na aro 'yar ƙafar nan da ake ɗora waya, na ɗinka leshi na musamman, na hau motar Daura ina jin kamar ni kaɗai Allah Ya zaɓa in ceci tarihin gidanmu.

Da na faɗa wa Iya sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Alkaki a waya, Takwara? To wayar ce za ta ci?"

"Adanawa za mu yi, Iya, saboda 'yan baya."

"To adana. Ni dai kar ki ɗauke ni ba ɗankwali."

Ranar kwaɓi da safe Iya ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Kafin ta fita ta ce in fiddo kayan aiki: ɓarzajjiyar alkama, man gyaɗa, kanwa, faifai, sai ƙwaryar da ke rataye a ragaya a ɗakinta.

Na sauko da ƙwaryar, na buɗe. Baƙa ƙirin ce, an ɗinke ta a gefe inda ta taɓa tsagewa, cikinta kuma wani busasshen ɓawo ne ya manne ko'ina, kauri guda, yana tashin tsami. Na ce a raina, haba, wannan zan nuna wa duniya? 'Yan Kano su gani, 'yan Kaduna su gani, surukaina na Katsina su ce ashe a cikin wannan aka kwaɓa abin da muka yi ta wawaso? Har tausayin Iya na ji. Na ce baiwar Allah, ido ya yi rauni, kuma duk matan gidan nan an rasa mai taimaka mata da wanki.

Na zaga bayan madafi don kar kowa ya gani, so nake ya zama abin mamaki. Na jiƙa ta da ruwan zafi. Na sa cokali na kankare. Na kawo soson ƙarfe da sabulu na dirje ta kamar ta yi min laifi. Ruwan na sheƙar a kwata, kaji suka bi suna caccaka (su dai sun ci tarihi ranar nan). Da na gama, ƙwarya ta fito fes, har da wani zane a bayanta da ban taɓa sanin yana nan ba. Na shanya ta a rana, na lulluɓe da sabon ƙyalle, na tafi yin kwalliya ina 'yar waƙata.

Bayan azahar mata suka cika tsakar gida. Ummanmu na nan, Gwaggo Saude da ta zo daga Kano na nan, maƙwabta na nan, ga amarya Rukayya a gefe an ƙunsa mata lalle a ƙafa. Iya ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, ta gyara ɗankwali. Na kafa waya, na danna, na gyara murya.

"Assalamu alaikum 'yan uwa na nesa da na kusa. Yau rana ce ta tarihi. Amma kafin mu fara, ina da 'yar kyauta ga Iyarmu."

Na durƙusa a gabanta, na yaye ƙyallen da wani irin salo da na gani a talabijin.

Shiru. Na ɗauka mamaki ne ya hana su magana, sai na ƙara faɗaɗa murmushi.

Iya ta ɗauki ƙwaryar, ta juya ta, ta kai hanci ta shinshina.

"Wannan ƙwaryar wa ce?"

"Taki ce mana, Iya! Ga ɗinkin nan."

"Ina abin cikinta?"

"Dattin? Ai na kankare shi tas. Sai da na sa soson ƙarfe."

Umma ta dafe ƙirji ta saki salati. Wata maƙwabciya ta ce, "La haula." Iya kuwa maimaitawa kawai ta yi a hankali: "Dattin."

"Ke!" in ji Umma. "Tsamin ne! Shi ke tayar da kwaɓin, shi ke ba shi ɗanɗanon nan. Duk ranar da aka yi alkaki sai a bar ragowa a shafe a jiki ya bushe, in an tashi wani a jiƙa shi. Ke a gidan nan kika girma kuwa?"

A gidan na girma, amma na gaya muku ɓangaren da na ƙware.

Iya ta ɗora ƙwaryar a cinya tana shafa cikinta da tafin hannu. Ta ce, "Ranar da za a kawo ni gidan nan Innata ta shafa min shi da hannunta. Tun daga ranar ban taɓa bari ya yanke ba." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da ni da leshin.

Can sai ta ja numfashi, fuskarta ta ɗan saki.

"To, ba komai. Allah Ya sa na raba. Takwara, a yi waya Katsina a kawo taki."

"Tawa?"

"Wadda na ba ki ranar da za a kai ki. Na shafa miki da hannuna, na ce kar ki kuskura ta ga sabulu."

Jama'a, sai a lokacin na tuna. Ranar da za a kai ni, an zaunar da ni gaban Iya cikin mayafi, ina ta rusa kukan amarci, tana ta magana. Ni ban ji komai ba sai jan hancina. Na ɗauka nasihar nan ce ta haƙuri da biyayya da ake yi wa kowa, ina ta gyaɗa kai. Da na isa gidana na ga wata ƙwarya a cikin kaya da ɗan ɓawo a ciki, na ce oh, an manta ba a wanke wannan ba.

"Iya... tana nan," na ce.

"Alhamdulillahi."

"Albasa nake zubawa a ciki."

Gwaggo Saude ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi, wata har da buga cinya. Iya ta juya wajenta.

"Ke da kike dariya, ina taki?"

Dariyar ta tsaya cak. "Iya, ni ai tawa ta fashe tun muna tsohon gida. Yis na kanti nake sawa yanzu."

Sai Rukayya ta ce daga gefe: "Shi ke nan, ni ce zan fita daga gidan nan ba ƙwarya." Ga sabuwar ƙwaryarta can a jingine, an tanada tun tuni ana jiran a shafa mata. Ni da na zo adana tarihi, na sheƙar da shi a kwata kafin azahar. Kuma duk wannan abu wayata na tsaye a kan ƙafarta tana ɗauka.

Saura mutum ɗaya, Gwaggo Hanne, babbar 'yar Iya da ke aure a Sandamu, wadda aikin girbi ya hana ta isowa da wuri. Aka kira wayarta, a kashe. Ba wanda ya san ko tata na nan da rai. Umma ta ce a tura wani, Iya ta girgiza kai.

"A gidan nan ba a aike a karɓo tsami. Wadda ta wanke ita za ta je ta roƙo da bakinta. Ɗauki ƙwaryarki mai walƙiya."

Haka na hau acaɓa da leshi da jan baki, rungume da ƙwarya. Ɗan acaɓan ya ce, "Hajiya, fura za a sayo ne?" Na ce masa ya dubi hanya. Tun daga Daura har Sandamu ba addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga kasuwa sai da na haɗa da ita.

Na tarar da Gwaggo Hanne a tsakar gida tana sheƙar gero. Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai, har albasar ban ɓoye ba. Ta ajiye abin hannunta, ta zauna a kan turmi, ta yi dariya har tana share hawaye da bakin zane.

"Soson ƙarfe! Kai, 'yar nan, Allah Ya shirye ki. Zo nan."

Ta ja ni ɗakinta, ta nuna min ragaya. Ga ta nan a rataye, ta fi ta Iya baƙi, ta fi ta kaurin ɓawo. Tunda nake ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ƙwaryar ba. Na yi ihu na rungume Gwaggo har muka kusa faɗuwa.

"Ko da tawa ta fashe ai ba a rasa ba," in ji ta tana ɓanɓaro ɓawon tana zuba min. "Unguwar nan duk mai aurar da 'ya nan take zuwa in shafa mata. Ki ce wa Iya hannun Innarta ne ya zo yawo Sandamu, ga shi nan ya koma gida."

Da na dawo na miƙa wa Iya, ta ɗauki ɓawo ɗaya ta kai hanci, ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta ce, "Kawo ruwan ɗumi. Kuma tuɓe zobban nan, ke za ki kwaɓa." Na murza alkama da mai har hannuna ya yi ciwo, tana tsaye a kaina tana cewa ƙara, rage, ba haka ba. Muka rufe da faifai.

Washegari da sassafe ni na riga kowa zuwa. Faifan ya ɗago da kansa! Kwaɓi ya kumbura ya cika ƙwarya, ƙamshin tsamin nan ya bugi hancina. Ban san na iya guɗa ba sai ranar. Gida ya tashi, aka hura wuta, aka sa ruwan kanwa, aka naɗa, aka soya, aka tsoma a zuma. Iya ta gatsa na farko, ta tauna, ta ce, "Shi ne." Rukayya ta fashe da kukan murna. Aka kawo sabuwar ƙwaryarta Iya ta shafe mata ciki, sannan ta sa aka kawo wata ta shafa min.

"To Takwara, yau ba kuka kike ba, kunnenki a buɗe yake. Me ba za ta gani ba?"

"Sabulu, Iya."

"Ɗaga murya wayar ta ji."

Niyyata in yanke wurin abin kunyar kafin in tura bidiyon. Ashe Rukayya ta riga ta ɗauki wayata ta tura shi yadda yake, tun daga jawabina na tarihi har zuwa albasa. Har yau in na yi magana a guruf sai wani ya ce Uwar Soso ta iso. Amma kuma kafin biki ya watse, duk macen da ta zo sai da ta nemo ƙwarya ta kai wa Iya, har Gwaggo Saude mai yis.

Abin da na koya dai shi ne, in na ga abu da dauɗa a ɗakin tsohuwar da ke share tsakar gida tun kafin kowa ya tashi, in fara tambaya kafin in kai masa ɗauki. Ƙwaryata tana nan a rataye a gidana, baƙi ya fara kama ta, kuma duk wanda ya nufe ta da soso ni da shi ne. Albasa kuwa na nemo mata kwando.