Difilomata ta Saman Bene

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a zauren Alhaji Tanimu mai fata ba. Ko na so in manta ma ba zai yiwu ba, don mutanen unguwarmu ba su da sana'ar da ta wuce tuna wa mutum abin kunyarsa.

Tsakiyar shekarun casa'in ne, kwamfuta ta fara shigowa Zariya, kowa ka taɓa sai ya ce nan gaba wanda bai iya ta ba ko shara ba za a ɗauke shi ba. Ni kuwa na gama sakandare da irin sakamakon da ba a nuna wa baƙo, ina zaune a shagon Kawu Isiyaku a cikin birni ina ɗinkin wuyan riga, allura ta gama da yatsuna. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Wata rana ya dawo daga masallaci ya tsaya a kaina.

"Kai, ajiye allurar nan. Alhaji Tanimu zai sayo na'urar nan ta lissafi, ya ce ɗan gida yake so ya riƙe masa ita. Na ce masa ina da kai. Je ka koyo, kuma kada ka ba ni kunya."

Aikin ofis, da fanka, da albashi. Abin da nake roƙon Allah ke nan tun da na fara hankali.

Hanya uku na samu. Akwai difiloma ta gaske a babbar makaranta, shekara biyu, amma sai mai kiredit a lissafi (ni da lissafi kuwa tun aji uku muka raba gari ba baram-baram, kowa ya kama gabansa). Akwai wani mai gyaran rediyo da tafireta a Sabon Gari da ya fara buɗe cikin kwamfuta yana koya wa mutane. Na leƙa na ga hannunsa baƙi ƙirin, na ce ni da zan zauna a ofis me ya haɗa ni da kwance noti. Ta ukun tana saman wani bene a Tudun Wada, bisa kantin magani. Allon da suka kafa ya fi ƙofar girma, wai wata uku ka zama injiniya. Amma gaskiya ba allon ya ja ni ba, hotunan bango ne: ɗalibai cikin doguwar rigar nan ta masu digiri, da hula mai faifai a ka. Daga baya na gane riga ɗaya ce tal ake karɓa-karɓa, don duk hotunan tabon manja ɗaya ne a kafaɗa. To a kan riga na zaɓi makomata. Ɗan gidan maɗinka ai ba ya ɓuya.

Mai makarantar shi ne malamin, shi ne maigadin, kuma Dairakta muke ce masa. Kwamfuta ɗaya ce, mu kuwa mun cika ɗaki har bakin matakala. Sai ka cire takalmi za ka shiga wurinta, kamar ka je gaida surukai. A kan tebur akwai gilashin mai kamar talabijin, da allon maɓallai. Wayoyinsu kuwa sun bi ta wata 'yar huda a bayan teburin sun shige wani kabad da ke ƙasa, mai kwado ƙato. In an kawo wuta, Dairakta ya kore mu waje, ya durƙusa ya buɗe kabad ɗin, ya yi 'yan dabarunsa ya rufe, sannan ya ce mu shigo. Wani ya taɓa tambayar me ke ciki.

"Sitabilaiza ce," in ji shi. "Tana jan mutum har lahira. Duk wanda ya taɓa, ba ruwana."

Shi tsoron ɓarayi yake, mu kuwa muka ɗauka darasi ne.

Da yake wuta ba ta cika zama ba, yawancin karatun hadda ne. Ya faɗa mu amsa, da ƙarfi, har mai kantin magani ya riƙa buga silin da sanda. "Si, ɗigo biyu, sanda a karkace!" Wato alamar farko da ke fitowa a gilashin in an kunna. A nan fa na yi fice, don mu 'yan birni in dai hadda ce an same mu a gida. Ina iya karanto maka abin da gilashin zai nuna tun daga sama har ƙasa, idona a rufe. Ni na zo na ɗaya. Na sa rigar mai manja, aka ɗauke ni hoto. Inna ta soya waina aka yi walima kamar na sauke wani babban littafi, 'yan unguwa suka koma kirana Injiniya, ni kuma na daina amsa sunana na yanka.

Ranar da kayan Alhaji suka iso daga Legas, aka shirya su a zaurensa, ya tara dattawa don a sa albarka. Ga Malam Liman, ga mai unguwa, ga Kawu a gaba ya sha rawani. Na shigo da biro uku a aljihu, na cire takalmi (su ma duk suka cire nasu suka ƙara matsawa, ganin masani ya yi).

Ina duba teburin na ga an ɗora gilashin a kan wani faffaɗan akwatin ƙarfe. A ƙasa kuma ga sitabilaiza ta sosai, irin ta firji. Na yi murmushin manya.

"Alhaji, wa ya haɗa maka wannan?"

"Yaran da suka kawo. Akwai matsala ne, Injiniya?"

"'Yan Legas sun cuce ka. Sitabilaiza biyu suka sayar maka. Ɗaya ta isa."

Zaure ya ɗauki salati. Kawu ya juya yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, wato ku gani fa. Na tuɓe wayoyin daga jikin akwatin, na zura su bayan tebur suna reto, daidai yadda na saba gani a makaranta. Na sauke akwatin gefe. Daidai nan na lura Malam Liman yana ta fama da gwiwa, zaman tabarma ya gagare shi. Ni ga mai tarbiyya, na ɗauko matashi na ɗora a kai.

"Allah gafarta Malam, bismillah, ga kujera. Kada a ji tsoro, na cire mata wuta."

Ya zauna ya yi min addu'a mai tsawo. Malam Liman kuwa, Allah ya jiƙansa, ba ƙaramin mutum ba ne.

Na danna maɓallin gilashin, wata 'yar fitila ta kama. Na gyara zama na fara bugawa da yatsu goma, kaf-kaf-kaf, ina rera haddata. Gilashi baƙi. Na sake. Baƙi. 

"Injiniya," in ji mai unguwa, "mu fa ba mu ga komai ba. Ko sai mai tabarau?"

"Tana ɗumama ne, ranka ya daɗe."

"To. Kamar fitilar gas mai famfo ke nan."

Na ci gaba da bugawa. Da shirun ya yi yawa sai na fara karanto musu abin da ya kamata ya fito, layi bayan layi, da Turanci, ina nuna baƙin gilashi da biro. Wani tsoho ya ce shi kam kamar ya fara hango wani abu. Allah ya saka masa da alheri, shi kaɗai ya tsaya min a duniya.

Sai ga sallamar Madam Rifkatu, akantar Alhaji, daga Wusasa, motar haya ta makarar da ita. Ta gaida dattawa, ta dubi tebur, ta dubi wayoyin da ke reto.

"Alhaji, ina kwamfutar?"

"Ga ta nan Injiniya yana fama."

"A'a, wannan gilashinta ne kawai. Ina ita kanta?"

Ta bi ɗakin da ido har ta sauka a kan Malam Liman. Ta dafe ƙirji. Ta rusuna har ƙasa.

"Baba, don Allah a yi haƙuri, a ɗan tashi."

"Ni dai cewa aka yi in zauna," in ji Liman, mutum biyu suna ɗaga shi.

Murfin ya lotsa a tsakiya kamar kwanon da aka taka. Ba wanda ya yi dariya, wallahi da sun yi da ya fi min sauƙi. Alhaji ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya juya wurin Kawu, ba wurina ba.

"Malam Isiyaku, wace makaranta ka ce ya yi?"

Kawu ya tashi ya nemi takalminsa ya fita. Ni ma na bi bayansa, a lungu na gane takalmin mai unguwa na sako, dole na koma na sake yin sallama.

Mai gyaran nan na Sabon Gari aka kai wa akwatin, wani yaronsa kuma aka ba aikin. Yaron yanzu yana Kaduna, an ce har direba gare shi. Kawu bai taɓa ɗaga min maganar ba har ya koma ga Allah. Washegari dai na tarar da allura da zare a inda nake zama, an ma zura min zaren.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, don ni ba mai zurfin karatu ba ne. In za ka koyi aikin na'ura, je inda za a bar ka ka kunna ta da hannunka, ko da a rumfar kasuwa ce. In kuma ka shiga ɗakin mutane ka ga akwatin da ba ka san ko mene ne ba, bar shi inda ka same shi. Gwiwar liman ba aikin injiniya ba ce.