Zoben Kaka a Gonar Dawa

Akwai wani yammaci da ba zan taɓa mantawa da shi ba. Ko da ma na so in manta, 'yan uwana na Hawata ba za su bari ba.

Lokacin ban daɗe da gama makaranta ba, ba mata, ba aiki, sai jakar goyo ɗaya da kai cike da mafarki. Na ƙudura sai na ratsa ƙasar Sudan da ɗan guzurina: in kwana inda dare ya riske ni, in ci abin da talaka ke ci, in hau motar da ta fi arha. Amma akwai abin da ya fi yawon. Kakata ta wajen uwa tana da wa, Audu, wanda ya kama hanyar Makka a ƙafa tun tana yarinya, bai dawo ba. Daga baya aka ji ya zauna a Hawata, yankin Gadarif, ya yi iyali, ya rasu a can. Ranar da zan tafi, Kaka ta zare zoben azurfa daga yatsanta ta ce, "Na uwarmu ne, biyu ne, ɗayan yana wurin Yaya Audu. Ka nuna wa 'ya'yansa. In ba haka ba wa zai yarda kai jininmu ne, da wannan suma taka kamar ta taɓaɓɓe?"

Na zura zoben a zare na rataya a wuya, ko wanka ba na cire shi.

Ta Habasha na bi, na shiga Sudan ta Gallabat cikin watan azumi, damina na ban kwana. Na sami wata lori mai zuwa Gadarif, na haye can sama kan buhuna tare da wasu fasinjoji. Na kusa da ni wani mai fataucin riɗi ne, Bahaushen Sudan, da ya ce shi ma Hawata ya nufa. Mun ɗan taɓa hira, sai yunwa ta rufe mana baki.

Wayyo, wannan hanya! Dawa ce iya ganinka, ta yi kai tana kaɗawa a hankali, ƙasar baƙa ƙirin, can nesa bukkoki masu jinka sak irin na ƙauyenmu. Rana ta yi ja ta sauko har tana taɓa kan dawar. Na jingina da jakata na shiga duniyar tunani. Ina ganin Audu a gabana, dogo, da sanda da gora, yana ratsa wannan fili shi kaɗai, kura ta gan shi ta kauce. Na ce a raina, ai ni ne magajinsa, jarumtar gidanmu a kaina ta sauka. (Har na fara shirya yadda zan ba da labarin a majalisa in na koma gida.)

Sai kawai lori ta ci birki.

Na ɗaga kai. Maza ne tsaye a tsakiyar titi cikin fararen jallabiyoyi, biyu sun warware rawani sun ja shi ya tare hanya, ɗaya yana ɗaga sanda, duk suna ihu da Larabci. To ni ɗan Nijeriya ne, jama'a. A wurinmu in ka ga an tare hanya da almuru, ba ka tsaya tambaya. Nan take Audu da sandarsa suka ɓace ɓat. Abu ɗaya na tuna: zobe. Na fizge zaren, na wurga shi cikin dawar da iya ƙarfina, wai in ƙura ta lafa in dawo in ɗauka. Sannan na kwarma ihu, "'Yan fashi! 'Yan fashi!" na diro daga saman lori, na ranta a na kare.

Ban yi nisa ba taɓo ya riƙe takalmina, na kife rub da ciki. Da na ji taku a bayana sai na juyo na durƙusa, na ɗaga hannuwa sama, ina cewa su ɗauki komai su bar ni da raina. (Ban san da wane harshe na faɗa ba, ina jin har Turanci na haɗa.)

Wani dattijo ne, kansa ba rawani, don nasa ne aka tare hanyar da shi. A hannunsa kwano ne. Ya dube ni ya ce da Hausa garau, "Subhanallahi! Ɗana, wa ya koro ka? Taso ka sha ruwa, ga ladan zai kira."

Ashe al'adarsu ce. Duk azumi mutanen ƙauyukan bakin hanya sukan shimfiɗa tabarmi, kowane gida ya fito da tirensa, su tare duk motar da ta zo wucewa, su rantse ba mai wucewa sai ya yi buɗa-baki. Ihun da na ji, "Itfaddalu" suke cewa, wato bismillah, ku sauko. Sandar kuwa ta wani makaho ce da shi ma ya fito neman lada.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Aka zaunar da ni a tsakiya, taɓo har gira, aka miƙo dabino da tuwonsu asida da wani jan abin sha mai tsami-tsami da suke kira hilu-mur. Ba wanda ya yi dariya a fili, amma kafaɗun kowa rawa suke. Da na gaya wa dattijon zancen zobe sai murmushinsa ya ɗauke. Ana sallame magariba duk suka bazu cikin gonar suna laluben ƙasa, har makahon nan. Duhu ya rufa ba a gani ba. Dattijon ya dafa ni ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ɗana. Ƙasar nan in ta haɗiye abu ba ta mayarwa." Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Na ɓata kwanaki a wani masauki mai arha a Gadarif, ina kwance a gadon igiya ina tunanin juyawa gida. Da me zan je musu? Daga ƙarshe dai na daure na tafi Hawata, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan Haruna, babban ɗan Audu. Na yi sallama ya fito, na fara, "Kawu, ni daga Nijeriya nake, Kaka ta ba ni shaida, amma..."

"Kai ne na lori?" in ji shi. Ashe mai riɗin nan ya riga ni isowa, labari ya gama gari.

Na sunkuyar da kai na ce ni ne.

Kawu Haruna ya yi dariya har da hawaye, ya rungume ni. "Ya salam! Bar zancen zobe, walla kai namu ne. Ka san abin da ya zaunar da Baba a garin nan? Ya taka tun daga ƙasar Hausa har bakin bahar, teku ke nan. Da ya ga ruwan, ya ga jirgin yana tangaɗi, sai ya juyo da gudu, bai tsaya ba sai Hawata. Har ya rasu ko kogin Rahad bai yarda ya haye ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da ɗaya zoben, ya sa mini a tafin hannu, ya ce in kai wa gwaggonsa ta ga na yayanta. Da na koma gida Kaka ta juya shi, ta sumbace shi. Sannan na ba ta labarin bahar. Ta share ido ta ce, "Yaya Audu ke nan. Ko zakara ya yi cara a bayansa sai ya zabura."

Tun daga nan na daina neman jarumta a danginmu. Kuma in na ga an tare hanya, nakan fara duba hannun mutane tukuna, ko da kwano.