Ciyawar Barewa a Bayan Gidan Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar arba'in ta Anti Binta ba, ko da kuwa na so in manta. A ranar na yi aikin da ya fi kowanne wahala tun zuwana Landan, da zuciya ɗaya, ba wanda ya sa ni. Har yau in na tuna sai zufa ta keto mini, ko da ana tsakiyar sanyi.

Anti Binta matar Kawu Sani ce, yayan mahaifiyata, likita da ya yi ritaya. Ban taɓa ganinta ba. Ta rasu ana gab da in taso daga Kano zuwa karatun digiri na biyu, don haka a gidan makoki na sauka. Gidan yana can bakin gari, gaba da Edmonton, inda gine-gine suke ƙarewa daji ya fara. Kullum nakan tafi makaranta a Aldwych in dawo in tarar da Kawu yadda na bar shi, shiru, da carbi a hannu. 'Yarsa tilo, Yaya Hauwa, tana aure a Lewisham, sai ƙarshen mako take zuwa.

Ni ɗan manomi ne daga Bichi (kuma a lokacin har taƙama nake yi da hakan, don shi kaɗai ne abin da na fi 'yan Landan). A gidanmu abu biyu ke zubar wa namiji mutunci: ciyawa ta cinye masa gona, ko dabba ta shiga ta yi masa ɓarna yana kallo. Mahaifina ko a gonar wani ya ga ciyawa sai ya tsuguna ya tuge ta kafin ya wuce. Da wannan tarbiyyar na hau jirgi.

Kowace safiya nakan kai wa Kawu shayi ɗakinsa a sama, in same shi tsaye a bakin taga. Daga nan kaɗai ake hango ƙarshen lambun, bayan ɗakin ajiye kaya. Wani fili ne da wata gajeriyar ciyawa mai ganye uku-uku ta rufe shi ruf, ga kuma wata kafa a jikin shinge. Wata safiya na leƙa ta bayan kafaɗarsa, sai ga barewa biyu, 'yan ƙanana kamar awaki, sun shigo ta kafar suna kiwo hankalinsu kwance. Na dubi Kawu, na ga hawaye na bin gemunsa.

Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki tsoho, mata ta tafi, ƙarfi ya ƙare, ga gona ta koma daji, dabbobi na ci yana kallo ba yadda zai yi. Ban tambaye shi komai ba. A wurinmu yaro ba ya tambayar babba dalilin hawayensa. Kawar da kai yake yi, ya je ya gyara abin da ya gani ya lalace.

Ranar sadakar, da sassafe mijin Yaya Hauwa ya zo ya ɗauki Kawu zuwa maƙabarta, daga nan za su biya ta wurin mahauci a Edmonton su ɗauko malam. Gida ya rage ni kaɗai. Na shiga falo na sauko da fartanyar kakanmu, wadda Kawu ya rataye a bango don tunawa da gida (wataƙila tun da ta zo Ingila ba ta taɓa ƙasa ba sai ranar). Na naɗe wando na yi bisimilla.

Jama'a, na yi noma. Ƙasar a jiƙe take, ga sanyin Nuwamba na shiga har ƙashi, amma ban ɗaga kai ba. Na nome ciyawar nan tas, na kwashe na danna a kwandon sharar lambu. Na ja kunyoyi miƙaƙƙu waɗanda ko mahaifina ba zai kushe ba. Na jawo wata tsohuwar ƙofa na toshe kafar shingen, har ina cewa, "Gobe ma ku dawo mu gani." A raina har na gama shirin shuka alayyafo da kuɓewa (a Nuwamba, a Landan, ku ji fa). Hannuna ya yi bororo, ni kuwa daɗi nake ji.

Na yi wanka na saka shaddata mafi tsada. Da azahar gida ya cika. Yaya Hauwa ta iso da tukwanen abinci, mata suka cika kicin, maza suka zauna a falo. Aka yi karatu, aka yi addu'a. Ina miƙa ruwan wanke hannu sai Alhaji Garba, tsohon abokin Kawu, ya riƙe wuyan hannuna.

"Kai ɗan Kano, me ya sami hannunka haka?"

Na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, na ce, "Ɗan aiki ne na yi wa Kawu, Alhaji. Zai gani."

"Allah Ya yi maka albarka," in ji shi. Falo ya amsa da amin, ni ma na amsa, har da shafa fuska.

Bayan an ci abinci, Kawu ya gyara murya. Tun zuwana ban ji ya yi doguwar magana ba sai lokacin. Ya ce, "Kafin ku watse, ku zo in nuna muku abin da Binta ta bar mini."

Muka bi shi ta ƙofar baya, yana tafe a hankali yana bayani.

"Wata ciyawa ce mai ganye uku-uku, kuloba ake ce mata. Ba don mu take shuka ta ba, don barewar dajin nan ne. Shekara ɗaya take yi ta mutu. A ƙarshen Agusta ake watsa irin, tun ƙasa da ɗuminta, don ta kafa saiwa kafin sanyi ya sauka. In ta kafa, sai ta jure hunturu, dabbobin su sami ɗanyen ganye lokacin da babu shi a ko'ina. Watan Mayu ta yi jan fure, Binta ta bari ya bushe, ta tara irin da hannunta ta adana."

A nan na fara ja da baya.

"Bana jikinta ya ƙi. Komai an yi cancel, an soke shi, ko asibiti da ƙyar muke zuwa. Amma ta ce sai ta yi shukarta. Ina riƙe da ita tana watsawa, har ta ƙarar da irin gaba ɗaya. Kullum da safe in na ga barewar nan suna ci, sai in ce ga sadakar Binta ba ta yanke ba."

Wallahi na yi tunanin gudu. Na auna tsakanina da ƙofar gida, na auna tsakanin ƙofar da tashar bas. Amma dattawa ne a gabana, dattawa a bayana, kuma mun riga mun kai kwanar ɗakin ajiyar.

Kawu ya tsaya cak. Ba ganye ko ɗaya, sai baƙar ƙasa da kunyoyina a jere, ga fartanyar kakanmu jingine da shinge. Wani baƙo da bai gane ba ya ce, "Masha Allah, ashe Hajiya ta iya noma."

"Wa ya yi wannan?" in ji Kawu, da wata murya can ƙasa.

Kafin in buɗe baki, Alhaji Garba ya taimaka mini. "Ai ga shi nan, mai bororo."

Yaya Hauwa ta ji shirun ya yi yawa ta fito da ludayi a hannu. Ta dubi filin, ta dube ni, ta ɗora hannu a ka. "You did what? Wayyo Allah, kulobar Mum! Me ya sa ba ka yi asking ba? Baki fa gare ka!" Sai ta fashe da kuka.

Abin da na yi bayan nan shi ya ƙarasa ni. Na ruga wurin kwandon shara, na zura rabin jikina ciki da shaddata, na rungumo ciyawar, na durƙusa a cikin taɓo ina cusa ta a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ina cewa, "Za ta kama, Kawu, wallahi za ta kama." Hulata ta faɗi ban ma sani ba. Manyan mutane, likitoci da 'yan kasuwa, suna tsaye suna kallona.

Kawu ya dafa kafaɗata. "Bari, ɗana. Fartanya ta yanke saiwar. Sanyi kuma ya riga ya shigo, ko sabon iri aka sa ba zai tsira ba." Ya daɗe yana duban kunyoyin, sannan ya ce, "Sun miƙe kuwa. Haka Baba yake jan nasa. Je ka cire ƙofar can."

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Bai taɓa tayar da maganar ba. Barewar suka dawo suka shinshina ƙasa suka juya, daga baya suka daina zuwa. Duk tsawon hunturun nan, in na kai shayi sai in tarar da labule a rufe, Kawu na zaune a bakin gado. Wannan labulen ya fi kukan Yaya Hauwa yi mini ciwo. Na sayo sabon iri a shago na kai masa, ya yi godiya, ya ce, "Iri ne mai kyau," ya ajiye. Ni da shi mun san ba na Anti ba ne.

Wata rana a watan Mayu na dawo daga makaranta, na ji yana ƙwala mini kira daga lambu. Na same shi tsugune a wani lungu bayan tankin ruwa. Wani ɗan wuri ne da bai fi faɗin sallaya ba, ya yi ja jawur da furanni, ƙudan zuma na ta kai da kawowa.

"Wannan nata ne," in ji shi. "In ya bushe za mu sami iri. Allah Ya yi maka albarka da ka bar mini shi."

Na so in karɓi albarkar in yi shiru, amma na kasa. Na ce, "Kawu, wallahi lalaci ne. Bayana ne ya gaji, lungun kuma ya matse, na ce ai ba mai gani."

Ya dube ni, sai ya kece da dariya har tari ya sarƙe shi, yana dariya yana share hawaye. Daga ɗan lungun nan muka tara irin da muka watsa a Agustan da ya biyo baya, shi yana watsawa, ni ina riƙe da shi.

Ashe duk ƙwazon da na zuba a ranar ɓarna ce, ɗan ha'incin da na yi kaɗai ya zama alheri. Har yanzu in na ga babba yana hawaye ina kawar da kai, kamar yadda aka koya mini. Amma in ladabi ya hana ni tambaya, to hannuwana a aljihu suke kwana.