Ranar da Dillali Ya Kushe Kayansa

"...Lafiya lau na tashi, sai ganinki da ya ɓata mini safiya. Ina gajiyar zaman banza?"

"Zaman banza ai wajenka na gada, Tsoho. Ya haƙoran nan naka guda biyu, sun kwana lafiya?"

Haka Hinda da kakanta Malam Ado suke gaisawa tun tana tatata. Shi tsohon dillalin awaki ne a kasuwar Guci, baki gare shi kamar reza. Ita kuwa bara ta gamo karatun aikin gona a jami'a can Damagaram. Jibi Alhamis wani furoje, wato shirin raya karkara na adana wake, zai gana da masu neman aiki a Magariya, kuma mutum ɗaya tak za a ɗauka.

Abin da ke cin ta a rai shi ne karon farko da aka kira ta irin wannan ganawa. Ta shiga biro, wato ofishinsu, ta tarar da maza uku sa'o'in babanta, sai gwiwoyinta suka kai ƙasa da kansu, ido ya maƙale a siminti. Da aka ce ta faɗi abin da ta iya, wai sai 'yar nan ta ce, "To, sai abin da kuka gani." Su kuwa bayin Allah ba su ga komai ba sai ƙullin ɗankwali. Tsoro take ji kada a maimaita, tsoro ba kaɗan ba.

Ta dire masa kwanon fura a tabarma, jikin zanar ƙofar gidansa.

"An ce jibi za a sake kai ki kasuwa," in ji shi. "Wancan karon ko tayawa ba a yi ba."

"Ni akuya ce da za a taya?"

"Ina ma akuya ce! Akuya ko ba komai tana kuka a san da ita. An ce ƙasa kika yi ta kallo. Allura kika yar a biron?"

"Ladabi na yi. Ba ku kuka ce yabon kai jahilci ba?"

"Mun ce. Amma kin taɓa ganin mai fura ta zauna da ƙwarya a rufe tana jiran a yi mata duba? Miƙe in ga kayan." Ya karkace hula, ya ƙanƙance ido irin na mai saye. "Kai! Ramammiya. Wannan ko kyauta aka ba ni sai an haɗa mini da dusa."

"Kai da in iska ta taso sai an ɗaure ka da turke?"

"Shekara nawa kina karatun boko a lakwal, me kika iya ban da cinye tuwon uwarki? Ni da ban taɓa riƙe biki na yi rubutu ba na fi ki sanin wake. Wake na ganina yake gaishe ni."

"Ƙwari dai ke gaishe ka! Bara waccan wa ya buɗe rumbu ya tarar da gari?"

"Sharrin maƙiya ne."

"Sharrin ganganci dai. Ka zuba shi bai bushe ba, ka bulbula masa magani har Inna ta ƙi dafawa. Wa ya zo hutu ya sa aka shanya na bara sai da ya yi ƙaras a haƙori? Ba naka haƙorin ba, na masu shi."

"Rana ce ta busar, ba ke ba."

"Ranar ce ta ɗura shi a buhu mai riɓi uku? Ita ta matse iska, ta ɗaure kowace leda daban? Wata bakwai, Tsoho, ko ƙwaro ɗaya! Har kana bugun ƙirji a kasuwa wai dabararka ce."

"To, buhu huɗu na tsoho ɗaya. Shi ke nan abin alfaharin?"

Nan fa ya taɓo ta. Hinda ta gyara tsayuwa, hannu a ƙugu, ta zuba masa ido cikin ido.

"Buhu huɗu? Je ka Bande ka tambaya! Wata uku na yi can ina koyon aiki. Ƙungiyar mata shida na koya wa, a kan amalanke nake bin ƙauyuka, rana ta gasa ni har ka ce ba ka gane ni ba. Matan da ke zubar da wakensu da arha da kaka, bana sai da bazara suka fitar. Ba Faransanci na yi musu ba, da harshen da suke ji na yi. In akwai wanda ya fi ni iya zama da matan karkara a cikin masu zuwa jibi, a kawo shi in gani!"

Sai aka yi gyaran murya a bayan zana.

Liman ne ya fara fitowa, sai kawunta Abdulƙadir, sai Malam Bunu mai unguwa, kowa na ƙunshe dariya. Ashe tun kafin ta iso tsohon nan ya girke su a can. Wayyo, Hinda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta zube ta gaishe su, murya can ciki.

"Madalla," in ji Malam Ado. "Gaisuwa a ƙasa, wannan hakkinsu ne. Magana kuma a tsaye. Tashi, Liman na da tambaya. In kika kalli tabarma, na fasa auren, in je in nemo mai baki."

"Wa zai ba ka?" Bakinta ne ya suɓuce, a gaban Liman kuwa. Dariyar da aka kwashe da ita ce ta ɗaga ta tsaye.

Liman ya ce, "'Yata, ni ma na sayi buhun nan, amma nawa waken ƙwari sun cinye shi. Ina laifin yake?"

Idonta ya fara zamewa ƙasa, ta jawo shi da ƙyar ta ɗora a kan rawaninsa, daga nan ta sauko da shi fuskarsa.

"Allah gafarta Malam, ana buɗewa?"

"Duk Juma'a akan ɗebi na alala."

"To, laifin ba na buhu ba ne. Iska ce abincin ƙwaro, duk buɗewa kun ba shi rai. A ware na ci daban, na ajiya kuma kada a taɓa."

"Wato laifina ne?"

Ta dube shi. "Naka ne, Malam."

Mai unguwa ya tafa hannu, kawunta ya ce shi bai taɓa sanin muryarta ta kai haka ba. Malam Ado kuwa ya yi ta dariya har da tari, yana share ido da bakin riga.

"Na sallama! A kai ta Magariya, ta yi kasuwa."

"Ɗazu ba ka ce sai an haɗa maka da dusa ba?"

"Ke, mai kushe kaya ai shi ke so." Ya laluba aljihu ya ciro farin goro, ya ɓare, ya miƙa mata babban ɓarin. Muryarsa ta ɗan sauka. "Shekara arba'in ina dillanci, ban taɓa gyara kayan da ba na son a saya ba sai yau. In suka ɗauke ki, da wa zan yi faɗa da safe?"

Hinda ta karɓi goron da hannu biyu.

"Magariya ce fa, Tsoho, ba Makka ba. Ka tara zaginka, duk Asabar zan zo in karɓa."